Darasin la'asar a rakuba: ko jami'a za ta iya riƙe mana shi?

Ɗan_Rakuba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga malaman makaranta da waɗanda suka san cikin jami'a.

Ni ɗalibin lissafi ne, ina shekara ta uku a Khartum yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Na dawo gida Gadarif, a gabashin Sudan, na tarar da yaran unguwarmu suna gararamba tun safe har magariba, makarantu a rufe, wasu ma an sauke 'yan gudun hijira a cikinsu. Mu bakwai 'yan jami'a, maza huɗu mata uku, muka roƙi kawuna ya ba mu rakuba, wato rumfar ƙofar gidansa. Wani tsohon ƙyauren ƙarfe muka shafa wa baƙin fenti ya zama allo. Da yara 11 muka fara, kafin wata biyu sun haura 60, dole muka raba su, wasu da hantsi wasu bayan la'asar. Ko da aka buɗe makarantu ba mu daina ba, don mun ga yaro ɗan aji huɗu da ba ya iya haɗa baƙi uku ya karanta kalma.

To yanzu jami'o'i sun kira ɗalibansu. Huɗu sun tafi, saura mu uku, ni ma tafiyata ta kusa. Abin da na fahimta shi ne aikin sa-kai zalla ba ya ɗorewa, ranar da mai yi ya tashi, ranar ya mutu. Ina tunanin rubuta wa kwalejin tarbiyya, mai horar da malamai, takarda, su riƙa turo ɗalibansu duk zango, a lissafa musu shi cikin aikin koyon koyarwa. Akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan ya yi ƙarko? Ko kuwa wahalar banza zan sa kaina?

Maman_Tasnim:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi muku albarka, ni shaida ce. 'Yata shekararta 10, da muka baro Madani a watan Disamba 2023 ko sunanta ba ta iya rubutawa daidai, abin da ta koya a aji biyu duk ya zube a hanya. Wata biyar tana zuwa rakubar nan. Ran nan na aike ta kantin magani da takarda, ta dawo tana karanta mini abin da ke jikin kwalin, tana bi da yatsa, tana tsayawa tana sake farawa, har ta kai ƙarshe. Na shiga ɗaki na yi kuka. Don Allah kada ku bar abin nan ya mutu. In sa hannun iyaye ake so a takardar, ni zan bi gida-gida.

Abu_Hudu_Kasala:
Allah ya saka da alheri. Amma jami'ar da ita kanta ke neman inda za ta zaunar da ɗalibanta, ita ce za ta ɗauki nauyin yaran unguwa? Ban ga alama ba.

'Yar_Hantub:
Ɗan_Rakuba, ni a tarbiyya na gama, bari in faɗa maka inda gizo ke saƙar. Aikin koyon koyarwa, wanda muke ce wa tarbiyya amaliyya, ba a ko'ina ake yinsa ba. Sai a makaranta mai rajista, akwai shugaban makaranta da zai sa hannu a takardar zuwa, akwai malamin jami'a da zai zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda kake gabatar da darasi ya ba ka maki. In ka rubuta musu cewa su turo ɗalibai rakubar kawunka, za su yaba maka, su sa takardar a durowa.

Ka fara da shugaban makarantar firamare mafi kusa da ku. Ka roƙe shi aji biyu bayan an tashi. In ya yarda, takardar ta fito daga gare shi da kwamitin iyaye, ta bi ta ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, sannan ta isa kwaleji. A lokacin ba alfarma kake nema ba, wurin horo kake ba su, kuma suna buƙatarsa, don kowace shekara sai sun sha wahalar neman makarantun da za su rarraba ɗalibai.

Ɗan_Rakuba:
Yaya 'Yar_Hantub na gode, wannan ban san shi ba sam. Abin da nake tsoro, yaran da ke zuwa rakuba kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da rajista a kowace makaranta. In muka koma cikin makaranta anya za su biyo mu?

Malam_Maiwurno:
Ba za su biyo ku ba, kuma iyayensu ba za su tura su ba. Ku yara ku saurara. Rakuba ta yi albarka ne saboda a ƙofar gidan mutumin da aka sani take, uwa na daka tana hango ɗanta. Mutanenmu sun daɗe da karatu. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jawo jama'a gabas har suka sauka bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, duk inda aka kafa bukka sai an kafa makarantar allo. Babu jami'ar da ta riƙe ta, babu hukumar da ta biya malami. Unguwa ce ke ɗauke da ita, wannan ya kawo mudun dawa, wancan ya kawo itacen wuta. Me ya hana ku yi haka? Ku nemi matasa biyu da suka gama sakandare suna zaune, ku koya musu, unguwa ta riƙa ba su ɗan ihsani.

Ba na ƙin jami'a, jikokina uku suna ciki. Amma baƙon da zai zo wata uku ya karɓi maki ya tafi, bai san ɗan wa yake koya wa ba.

Bakano_Ifriƙiya:
Gaisuwa ga Baba Malam. Ni daga Kano nake rubutu, na yi karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya a Khartum, ina cikin waɗanda aka kwaso ta Masar a 2023. Maganar baƙo gaskiya ce amma ba duka ba. Mu ma baƙi ne, kuma duk Juma'a da Asabar mukan shiga mota mu je unguwar Mayo mu koya wa yara karatu a wani masallaci. Ranar farko da na buɗe baki na ce wa wani yaro "zo nan, me sunanka", ya tsaya yana kallona kamar ya ga kawunsa, bai taɓa tsammanin ɗan jami'a na jin Hausa ba. Daga baya uwarsa ta aiko mana da godogodo a ƙwarya. Yaron nan abin da ya fi ɗauka a wurinmu ba jam'i da ɗebewa ba ne, ganin cewa mai irin harshensa ya kai jami'a ne. Wanda ya gama sakandare yana zaune a gida ba zai iya nuna masa wannan ba.

Sai dai namu ma ya riƙa yankewa duk lokacin jarrabawa, wannan kam ba musu.

Ummu_Aiman:
Abin da Bakano ya faɗa shi ne. Ƙanena da aka kai su ganin ɗakin gwaje-gwaje sau ɗaya tak, ya leƙa madubin ƙara girma ya ga fatar albasa, yau shekara nawa bai daina zancen ba. Yanzu haka kimiyya yake karantawa.

Ustaz_Tsohon_Alli:
Zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Shekara 22 ina koyarwa a firamare. Tun da yaƙin nan ya fara mun yi watanni ba albashi, wanda ake bayarwa kuma in ya zo ba ya kai mu tsakiyar wata. Abin da ke riƙe da gidana darasin yamma ne, yara takwas, iyayensu na turo ɗan abin da ya samu ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Da aka buɗe darasin kyauta a unguwarmu, biyar suka koma can. Ban ga laifin iyayen ba, kowa na fama. Amma in za a kawo 'yan jami'a cikin makaranta da yamma suna koyarwa kyauta, a tuna akwai malamin da ya kwana a ajin nan shekara da shekaru, ya san kowane yaro da gidansu, kuma shi ma yana da bakin ciyarwa.

Na biyu, koyar da ƙaramin yaro sana'a ce. Ɗalibin injiniya ya san lissafi, amma bai san dalilin da ya sa yaro ke rubuta 31 in an ce masa 13 ba. Na gani da idona, saurayi mai kirki, ya cika allo da bayani, yara na gyaɗa kai, ba wanda ya gane.

'Yar_Hantub:
Ustaz, Allah ya ba da lada, maganarka ta shige ni. Kuma ita ce ma hujjar shigo da kwaleji. A tsarin da na sani, kowane ɗalibi mai koyon koyarwa ana haɗa shi da malamin makarantar ya riƙa duba shi. To irinku ne za a ɗora a kai. In akwai ɗan abin da iyaye ko masu hali za su tara, ya tafi ga malami mai dubawa, ɗalibi kuwa makinsa ne ladansa. Tun zamanin makarantar horon malamai ta Bakhtur Ruda, da aka buɗe a 1934 kusa da Duwem, haka ake horar da malami a ƙasar nan: ana koya masa a gaban yara na gaske, ƙarƙashin idon wanda ya riga shi.

Ɗan_Rakuba:
Ustaz ka yi haƙuri, wallahi ba mu taɓa kawo wannan a ranmu ba. Batun 13 da 31 kuwa ya faru a gabana, na kwana ina tunani. Daga baya na lura a Larabci ana fara faɗin uku kafin goma, salasata ashar, yaro kuma ya ji uku ya fara rubuta shi daga hagu kamar yadda muka koya masa a sauran lambobi. A Hausa goma sha uku ne, goma na gaba. Da na faɗa musu da Hausa sau biyu sai kuskuren ya ragu.

Abu_Hudu_Kasala:
To ga inda ba zan yarda ba. Da Hausa kuke koya musu? Jarrabawa da Larabci ake yinta, tun daga ta firamare har shahada, wato ta gama sakandare. Yaranmu dama ana yi musu dariya a aji saboda lafazinsu, ku kuma ku ƙara musu Hausa da yamma? Ni a gidana na hana, da Larabci muke magana da yara, don kada su sha abin da na sha.

Goggon_Yara:
Abu Hudu, abin da ka sha mu ma mun sha, amma maganin ba shi ne a yanke wa yaro harshen uwarsa ba. Ni na shiga aji ɗaya a Damazin ban san ko kalma goma ta Larabci ba. Shekara biyu ina zaune kamar kurma, malama na magana ina kallon bakinta. Da akwai wanda zai ce mini da Hausa "wannan baƙin shi ne farkon sunanki" da ban maimaita aji ba. Ba cewa aka yi a bar Larabci ba. A buɗe ƙofa da abin da yaro ya sani, in ya shiga sai a ci gaba da Larabcin.

Abu_Hudu_Kasala:
Goggo na ji, amma yaran Kasala da Gadarif na yanzu ba irin na zamaninku ba ne, a titi suke tashi da Larabci.

Goggon_Yara:
Larabcin titi daban, na littafi daban. Kuma waɗanda suka zo daga kambo-kambon Jazira, sansanonin ma'aikatan gona, fa? Akwai wanda ya kai shekara 9 bai taɓa shiga aji ba, don kambonsu babu makaranta tun asali.

Malam_Maiwurno:
Tunda an zo nan bari in ƙara abu ɗaya da 'yan jami'a ba su sani ba. Yaron da ya yi babbaƙu da farfaru a allo irin namu, da rubutun Warshu ya saba. A wurinsa fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama. Ya je madarasa ya tarar fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf mai biyu. Sai ya ga fa ya karanta ƙaf, malami ya ce daƙiƙi ne, alhali yaron ya haddace izu biyar. Minti goma ya isa a warware masa wannan, in mai koyarwar ya san da shi. Shi ya sa nake cewa ɗan gida. In kwalejin za ta turo ɗalibai, a kawo mini su yini ɗaya tukuna, in nuna musu allo.

Bakano_Ifriƙiya:
Baba Malam wannan ilimi ne babba. Mu a Mayo mun yi ta fama da shi ba mu gane dalili ba.

Likitan_Madani:
Ina bin zancen tun jiya. Ga mai tambaya ko an taɓa ganin jami'a ta riƙe aikin al'umma ya ɗore: an gani, a ƙasar nan ma. Jami'ar Jazira da aka kafa a Madani a 1975, kwalejin likitancinta a kan haka aka gina ta. Fita ƙauye ba zaɓi ba ne, darasi ne da maki a kansa. Rukuni-rukuni ake kai mu, mu zauna da mutane, mu ƙirga gidaje, mu duba ruwan sha da allurar yara, mu rubuta rahoto, sannan a koma a ga me ya canja. Jami'ar mata ta Ahfad a Omdurman ita ma tana da nata fita karkara da ɗalibai ke yi dole. Abin da ya sa waɗannan suka rayu shekara da shekaru shi ne suna cikin jadawali. Shugaba ya tafi wani ya zo, darasin na nan.

Don haka Ɗan_Rakuba, kada ka nemi "taimako". Taimako na bin zuciyar mutum ɗaya ne, ranar da aka canja shi shikenan. Ka nemi a sa ku cikin jerin wuraren horo. Kuma tunda yara 60 ke taruwa wuri ɗaya, a kula da randar ruwa. Kwalara ta shiga Gadarif a 2023 kowa ya sani. Moɗa ɗaya mai dogon hannu ta ɗiba, kowa da kofinsa, da sabulu a bakin ƙofa.

Hajiya_Misfala:
Salamu alaikum daga Makka. Mu nan abin da ya sa matasa ke rububin aikin sa-kai shi ne ana rubuta musu awowin a manhajar gwamnati, ɗan sakandare ma sai ya cika awa 40 kafin ya gama. Na san halin da ake ciki a Sudan ba ɗaya ba ne, amma ko takardar shaida mai hatimin kwaleji aka ba ɗalibi cewa ya koyar awa kaza, za ta yi masa amfani wajen neman aiki. Mu matan unguwarmu da muke da dangi a Gadarif za mu iya haɗa kuɗin littafin rubutu da fensir. A faɗa mini ta inda za a aiko.

Ɗan_Rakuba:
Hajiya Allah ya saka da alheri, ya karɓi ibada. Zan sa Maman_Tasnim ta yi miki magana ta gefe, ita ke riƙe da asusun iyaye, mu ba ma taɓa kuɗi.

Baƙon_Amurka:
A nan Amurka akwai makamancinsa. Ɗalibin jami'a marar ƙarfi gwamnati na ba shi aikin 'yan awowi yana karatu ana biyansa. Tun 1997, ƙarƙashin shirin America Reads, in aikin nasa koya wa yaran firamare karatu ne, gwamnatin tarayya ke biyan ladan gaba ɗaya, jami'a ba ta sa ko sisi. Shi ya sa jami'o'i da yawa ke tura ɗalibai makarantun unguwannin talakawa da ke kewaye da su. Ɗana ya yi shekara biyu yana yi. Abin da na lura, jami'ar na da ma'aikaciya guda wadda aikinta kenan, ta san wane ɗalibi ke zuwa wace makaranta, in bai zo ba ta kira shi. Kuɗin ba za a samu a Gadarif ba, amma mutum ɗaya mai riƙe da rajista ana iya samu.

Abu_Hudu_Kasala:
Amurka daban, mu da ko wutar lantarki sai an yi sa'a.

Mai_Raksha_Gadarif:
Ni ba malami ba ne, raksha, keke mai ƙafa uku, nake ja, amma ina da tambaya. Kuna ta zancen wa zai koyar, ba wanda ya yi zancen yaushe yaran ke samuwa. Watan Oktoba in riɗi ya nuna, rabin samarin unguwa 'yan shekara 12 zuwa sama gona suke tafiya yanka, don riɗi ba ya jira, in ya bushe a tsaye zubewa yake. Bayansa ga dawa. Da damina kuma ku kun san laka irin ta garin nan, raksha ma ba ta shiga wasu lunguna, balle ɗalibar jami'a da takalminta. Sannan yaran da ke bin amalanken jaki mai ɗaukar ruwa da safe. In jami'a ta turo mutanenta a watan da yara ba sa nan, za su rubuta cewa unguwar ba ta son karatu.

Ummu_Aiman:
Ga kuma 'yan mata. Bayan la'asar lokacin talla ne, gyaɗa da ƙosai da dafaffen ƙwai. Uwar da cinikin nan ne abincin darenta ba za ta saki 'yarta ba don an ce jami'a ta zo. A Port Sudan abin da muka yi, muka mayar da na 'yan mata bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai, kafin zafi, a tsakar gidan wata dattijuwa. Mata ne kawai ke koyarwa. Waɗanda iyayensu suka ƙi da farko, da suka ga gidan wa ake yi, suka turo. Wannan ba zai yiwu a harabar makaranta da malamin jami'a namiji zaune a baya ba.

'Yar_Hantub:
Na karɓi gyara. To a raba: na makaranta da yamma ga masu rajista, shi kwaleji za ta lissafa. Na gida ya zauna a hannun unguwa kamar yadda Baba Malam ya ce, ɗaliban da suka ga dama su riƙa leƙawa.

Malama_Sinja:
Ina so in koma kan abin da Ustaz ya ce, cewa ɗan jami'a bai iya koyar da ƙaramin yaro ba. Gaskiya ne, amma akwai hanyar da ake koya wa mutum cikin 'yan kwanaki. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham, da ta fara aiki a unguwannin talakawan Mumbai, ita ta fito da ita, kuma an yi amfani da ita a Borno da wasu jihohin arewacin Najeriya. Ba a tambayar yaro ajinsa ko shekarunsa. A zaunar da shi shi kaɗai, a miƙa masa takarda: in ya karanta ɗan labari, rukuninsa daban, in sai gajerun jimloli, daban, in sai kalma, in sai baƙi, in ko baƙin bai sani ba, shi ma da nasa rukunin. Haka a lissafi. Sai a koyar da kowane rukuni daga inda ya tsaya, da wasa da tsinke da katin baƙaƙe, bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya wuce ya hau gaba.

Na gwada da muka yi gudun hijira daga Sinja a 2024. Abin da ya fi wuya shi ne babban yaro ɗan shekara 13 ya zauna da 'yan shekara 7. Wani ya yi kwana uku bai zo ba don kunya. Na je gidansu na ce masa ina neman mataimaki mai raba kati, ya dawo, yana raba katin yana koyo. Cikin wata biyu ya haura rukuni biyu.

Wannan gwajin shi ne kuma abin da za ku nuna wa kwaleji. Ku rubuta yara nawa ke matakin baƙi yau, ku sake rubutawa bayan wata uku. Malamin jami'a in ya ga lambobi a takarda ya fi saurara.

Ustaz_Tsohon_Alli:
Malama wannan ya yi. A aji mai yara 80 ba ni da halin zama da kowa shi kaɗai, manhaja na korata. In 'yan jami'a za su ɗauke mini wannan gwajin da rukunin ƙasa, ni da kaina zan je wurin shugaban makarantarmu. Abin da ba na so shi ne a zo a maimaita darasin safe da yamma.

Injiniya_Atbara:
Me zai hana a nemi allunan hannu masu wasannin lissafi? An taɓa yi a ƙauyukan jihar Gadarif, ƙungiyar War Child ta Holan da Jami'ar Ahfad da ma'aikatar ilimi, ana cajinsu da hasken rana, yara na koyo ba malami.

Mai_Raksha_Gadarif:
Injiniya, a bari a samu alli tukuna.

Goggon_Yara:
Akwai wani abu da 'yan jami'a za su yi mana wanda ya fi darasi. Takardu. Yara nawa ne suka yi karatu har suka kai jarrabawa aka ce babu takardar haihuwa, babu lambar ɗan ƙasa? Ɗan ƙanwata sai da muka yi wata huɗu muna sintiri a wani ofis, yau a ce kawo shaidu, gobe a ce kawo dangin uba, don kawai an ji sunan kakansa. Ya kusa rasa shekara. Ga wasu takardunsu sun ƙone ko an baro su a Khartum. Ɗaliban shari'a su zo sau ɗaya a wata su zauna da iyaye, su duba wa ke da me, su rubuta musu abin da ake buƙata tun yaro na aji uku. Waɗanda aka ɗage musu shahadar 2023 sai ƙarshen Disamba 2024 suka zauna ta, mun ga yadda shekara ke tafiya a banza. Kada mu ƙara da namu sakacin.

Hajiya_Misfala:
Goggo kin taɓo inda ke mana ciwo, mu ma nan batun takarda shi ke hana yara da yawa makaranta.

Ɗan_Rakuba:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Jiya da daddare muka zauna mu uku da kawu da iyaye shida. Shugaban makarantar da ke bayan kasuwa ya ce zai ba da aji ɗaya, ba biyu ba, don ɗayan har yanzu akwai iyali a ciki. Ya ce shi zai sa hannu amma ba zai kai takardar ba, sai mu kai. Rakuba za ta ci gaba, mun samu 'yan mata biyu da suka gama sakandare, ɗaya ma a rakubar ta fara taimaka mana. Gwajin Malama_Sinja za mu fara ranar Asabar, in za ki turo mini yadda kike tsara takardar.

Abin da ban warware ba: in kwalejin ta ce sai zango mai zuwa, ni na tafi, wa zai riƙa bin takardar? Kuma maganar Mai_Raksha ta tsaya mini, don zangon nasu na iya faɗawa daidai yankan riɗi.

Abu_Hudu_Kasala:
Har yanzu ina shakkar za su amsa. Amma in kun rubuta ku turo mini kwafi, akwai makaranta a unguwarmu da ke da irin matsalar.

Malam_Maiwurno:
Takardar a sa sunan dattijo a kanta, ba na yaro mai tafiya ba. Kuma sharaɗina na nan, a kawo mini su su ga allo kafin su tsaya gaban yaranmu.

Ustaz_Tsohon_Alli:
Bin takarda ku bar mini, ofishin ilimi a hanyata yake. Ɗan_Rakuba ka same ni ranar Lahadi bayan an tashi, ka zo da sunayen yaran da ba su da rajista, mu ga waɗanda za a iya shigarwa bana. Akwai kwalin alli biyu a wurina, ka turo yaro ya karɓa.